Guntun Gatarinka: Masu Sha'awar Hoto a Bahri da Kwaɗayin Sabuwar Kyamara

Gabatarwa

Babban birnin Sudan gari uku ne da Kogin Nilu ya raba, gadoji suka haɗa: Khartum da Omdurman da Bahri. Duk wanda ya san Bahri kafin watan Afrilun 2023 ya san yadda yammacin Juma'a yake a can. Da zarar rana ta yi sanyi, sai a ga samari sun fito daga Shambat da Halfaya da Sababi. Wasu su nufi gaɓar kogi inda ake hangen tsibirin Tuti, wasu su haye gadar Shambat zuwa Omdurman domin zikirin da ake yi a hubbaren Shehu Hamad al-Nil, wasu kuma su yi gabas zuwa Haj Yusuf inda 'yan kokawar Nuba ke karawa. A cikinsu akan ga masu rataye da kyamara a wuya. Galibinsu ba da hoto suke ci ba. Ɗalibai ne da injiniyoyi da malaman makaranta da ma'aikatan ofis waɗanda son ɗaukar hoto ya shiga ransu.

Akwai wata cuta da ke bin irin waɗannan mutane, a Bahri ne ko a Kano ko a Maraɗi. Idan suka zauna shan shayi bayan an gama zagaye, hirar kyamara takan rinjayi hirar hoto. Wane ya sayi sabuwa, wane yana tara kuɗin babban gilashi, kamfani kaza ya fitar da wadda ta fi ta bara. Wanda tasa ta kwana biyu sai ya riƙa ɓoye ta kamar mai abin kunya. Matsayin wannan muƙala shi ne, mafi yawan wannan buri ɓata kuɗi ne da ɓata lokaci, kuma abin da ya auka wa Bahri a shekarun nan ya bayyana a fili inda darajar hoto take.

Yadda Kwaɗayin Ke Shiga

Abin yakan fara ne da alheri. Matashi ya tara kuɗi ya sayi kyamararsa ta farko tare da gilashin da aka haɗo ta da shi. Watannin farko duk abin da ya ɗauka burge shi yake yi: faɗuwar rana a Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, mai shayi a gindin bishiya, tsohuwar gadar ƙarfe ta jirgin ƙasa da ta haɗa Bahri da Khartum tun farkon ƙarni na 20. Daga nan sai idonsa ya fara buɗewa. Ya shiga Facebook da Instagram ya ga aikin waɗanda suka riga shi, ya lura cewa nasa bai kai nasu ba. A nan ne hanya take rabuwa biyu. Zai iya tambayar yadda suka tsaya, da lokacin da suka fito, da tsawon jiran da suka yi. Zai kuma iya tambayar irin kyamarar da suka riƙe. Tambaya ta biyu ta fi sauƙi, domin amsarta tana da suna da lamba da farashi.

Dalilin da ya sa saye yake rinjayar koyo a bayyane yake. Koyo abu ne mai nawa, ba ya nuna kansa a yini ɗaya, kuma yana tilasta wa mutum ya amsa cewa gazawar daga gare shi take. Shi kuwa saye nan take yake sanyaya rai. An biya kuɗi, an buɗe kwali, an ji ƙanshin sabon abu, zuciya ta raya wa mutum cewa ya ci gaba. Bayan mako uku sai ya duba hotunansa ya tarar suna nan yadda suke, illa dai sun fi cin wuri a kwamfuta.

Wani masanin falsafa na ƙasar Faransa, Denis Diderot, ya taɓa yin rubutu a ƙarni na 18 game da sabuwar rigar da ya samu. Da ya sa ta sai ya ga kujerarsa ba ta dace da ita ba, ya sauya kujera, ya ga tebur ya tsufa, ya sauya tebur, har ya wayi gari yana kewar tsohuwar rigarsa. Bahaushe ma ya san wannan: sabuwar babbar riga takan nemi sabuwar hula, hula ta nemi takalmi. Haka kyamara take. A shekarar 2018 kamfanonin Nikon da Canon suka fitar da manyan kyamarorinsu marasa madubi, kowane da sabon bakin ɗaura gilashi. Ko da yake akwai mahaɗin da ke ba da damar amfani da tsofaffin gilasai, ran mai sabuwar kyamara ba ya kwanciya sai ya mallaki gilashin da aka ƙera domin ita. Bayan gilashi sai katin memori mai sauri, sai ƙarin batir, sai kwamfutar da za ta iya ɗaukar manyan hotunan. Kuɗin da aka biya da farko kafin alƙalami ne kawai. Gaskiyar masu iya magana da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika son faɗa ba, wato son a sani. Babbar kyamara mai dogon gilashi ado ce. Tana sa a buɗa wa mai ita hanya a wurin biki, a kira shi da girmamawa. Ba laifi ba ne mutum ya so a girmama shi, amma ya kyautu ya san abin da yake saye da kuɗinsa, kada ya sayi kwarjini yana zaton fasaha ya saya.

Lissafin da Ba a Cika Yi Ba

Wannan buri ba daga sama ya faɗo ba, akwai masu shuka shi. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Japan sun nuna cewa a shekarar 2010 an fitar da kyamarori na zamani kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. A shekarar 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, domin wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Kamfanin da masu sayensa suka ragu haka, dole ya nemi riba mai yawa daga 'yan kaɗan da suka rage. Su wane ne suka rage? Ƙwararru, sai kuma masu sha'awa, waɗanda su ne aka fi yi wa talla. Saboda haka duk shekara akwai sabon samfuri, akwai kuma masu sharhi a YouTube da za su nuna wa mutum cewa wadda ke hannunsa ta zama tarihi.

A duba farashi. Lokacin da kyamarar Canon EOS R5 ta fito a shekarar 2020, an sa mata dala 3,899, ba tare da gilashi ba. A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Sudan ta karya darajar kuɗinta, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa kimanin fam 375 a farashin hukuma. Ke nan gangar jikin kyamarar kaɗai ta doshi fam miliyan ɗaya da rabi, kafin a zo maganar gilashi da kuɗin fito da ladan wanda zai kawo ta daga Dubai ko Alƙahira. A cikin wannan shekarar ne kuma hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 400 cikin ɗari. Ma'aikacin da ke Bahri wanda ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin cefane domin irin wannan saye, ya ɗora wa iyalinsa nauyin abin da ba zai dawo da ko sisi ba.

Sannan me ake samu a madadin wannan kuɗi? Abin da aka fi tallatawa shi ne yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, wanda ake ƙirgawa da megafiksel. Kyamarar da aka ambata tana da 45. Amma domin a wanke hoto mai kyau a takarda girman A4, abin da ake bukata bai kai megafiksel 9 ba. Hoton da akan ɗora a dandalin sada zumunta kuwa sau da yawa matse shi ake yi har ya koma ƙasa da megafiksel 2. Wato mutum ya biya kuɗin buhu, ya ci mudu, ya zubar da saura. Kyamarar da aka ƙera shekara goma da suka wuce ta wadatar da duk abin da mafi yawan masu sha'awa suke yi da hotunansu.

Yanayin wurin ma yana da nasa hukunci. A Bahri zafi yakan haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, ga guguwar ƙura da ake kira habub wadda kan rufe gari cikin 'yan mintuna. Duk lokacin da aka cire gilashi domin a ɗaura wani, ƙura tana samun ƙofar shiga cikin kyamara. Mai kaya masu tsada yakan koma mai gadin kayansa, yana tsoron fitar da su a ranar da gari ya fi ban sha'awa. Mai tsohuwar kyamara da gilashi ɗaya tilo shi ne zai tsaya ya ɗauki bangon ƙurar yana tunkarar gada.

Abin da Tarihin Hoto a Sudan Ya Nuna

Sudan tana da tarihin hoto mai zurfi, kuma tarihin bai goyi bayan masu bautar kaya ba. Rashid Mahdi, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2008, ya yi aikinsa a Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa. Hotunansa na ma'aikata da 'yan kasuwa da iyalai suna cikin mafi daraja da ƙasar ta mallaka. Gadalla Gubara, wanda ya rasu shi ma a 2008, ya ɗauki Khartum a hoto da fim tun kafin samun 'yancin kai a 1956. Waɗannan mutane sun yi aiki a zamanin da naɗin fim ɗaya bai wuce hoto 12 ko 36 ba, babu allon duba abin da aka ɗauka, sai an shiga ɗakin duhu an wanke kafin a san ko an dace. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya fara da ƙaramar kyamarar Kodak Brownie da aka ba shi kyauta, daga baya ya riƙa ɗaukar mutane a tsakar gidansa da hasken rana. Yau manyan gidajen tarihi na duniya suna alfahari da aikinsa. Ƙarancin fim ya koya wa mutanen wancan zamani su duba da kyau kafin su danna, darasin da yalwar kaya take neman shafewa.

Idan aka ce wancan tsohon zamani ne, to ga na jiya. Ranar 8 ga Afrilun 2019, a wurin zaman dirshan da aka yi a gaban hedikwatar soja a Khartum, wata mata mai suna Lana Haroun ta ɗauki hoton Alaa Salah tsaye a kan mota cikin farin tufafi, ta ɗaga yatsa sama. Da wayar hannu ta ɗauke shi. Kwana uku bayan haka aka tuɓe Umar al-Bashir, kuma har yau babu hoton da ya kai wannan wakiltar juyin a idon duniya. A dandalin akwai manyan kyamarori birjik. Abin da ya bambanta ta shi ne tana wurin, ta tsaya inda ya dace, ta kuma gane abin da take gani.

Hoton da ya lashe babbar lambar gasar World Press Photo ta shekarar 2020 ma a Khartum aka ɗauke shi, ranar 19 ga Yunin 2019. Ɗan jaridar Japan Yasuyoshi Chiba ne ya ɗauki wani saurayi yana rera waƙa a tsakiyar jama'a, cikin daren da aka ɗauke wutar lantarki. Shi ƙwararre ne mai kayan aiki, amma hasken da ya raya hoton daga fitilun wayoyin mutanen da suka kewaye saurayin ya fito. Sai kuma Mosab Abushama, wanda ya ɗauki hoton wani ango a Omdurman a watan Janairun 2024, ana tsakiyar yaƙi. Shi ma da waya ya ɗauka, kuma hoton ya samu lambar yabo a wannan gasa a 2025.

Ko farfaɗowar hoto a tsakanin matasan Khartum ba a kanti ta faro ba. Ala Kheir, wanda injiniyanci ya karanta, ya koya wa kansa hoto, sannan shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Sudan. Daga irin wannan haɗuwa ne aka samu tarurrukan horaswa da nune-nunen da aka yi wa laƙabi da Mugran. Abin da matasa suka amfana da shi a can shi ne zama tare, a baje hoto a tebur, a faɗa wa juna gaskiya.

Inda Kaya Ke da Hujja

Adalci ya wajabta a faɗi cewa kayan aiki ba banza ba ne. Wanda ke son kama ɗan kokawa a daidai lokacin da ƙafarsa ta bar ƙasa, ga magariba ta kawo jiki, yana bukatar kyamara mai saurin kama motsi da gilashi mai shan haske sosai. Wanda ke bin tsuntsayen bakin kogi ba zai yi da waya ba, sai da dogon gilashi. Mai ɗaukar hoton biki domin kuɗi dole ya tanadi kyamara ta biyu, domin amarya ba za ta sake shiga lalle saboda na'urarsa ta tsaya ba. Haka nan wanda Allah ya hore wa, ya sauke haƙƙin iyalinsa, ya ga dama ya sayi abin da ransa ke so, babu mai tuhumarsa. Jin daɗin riƙe kaya mai kyau halal ne.

Ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi guda ne. Kafin mutum ya kai hannu aljihu, ya tambayi kansa: wane hoto ne takamaimai na so ɗauka, kayan da ke hannuna suka hana ni? Idan ya iya nuna hoton, ya faɗi sau nawa hakan ta faru, to bukatarsa ta gaskiya ce, kuma sau da yawa gilashi ɗaya na hannu zai biya ta a kan kaso kaɗan na kuɗin sabuwar kyamara. Idan kuwa ya rasa amsa sai dai ya ce wadda ta fito bana ta fi, to ba bukata ke kiransa ba, talla ce. Gara ya ɗauki wata shida yana fita da gilashi ɗaya, ya koyi halin hasken safiya da na la'asar, ya koyi matsawa kusa da mutane da ƙafarsa. Iya ruwa fid da kai.

Darasin da Yaƙi Ya Bari

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Bahri tana cikin wuraren da suka fi jin jiki. An ƙona kasuwa, an wawashe gidaje da masana'antu, gadar Shambat ta karye a watan Nuwamba na wannan shekara, kuma sai a farkon 2025 sojoji suka sake karɓe garin. Fiye da mutum miliyan 10 ne suka bar muhallinsu a faɗin ƙasar. Wanda ya gudu zuwa Shandi ko Atbara ko Masar ya fita ne da abin da zai iya ɓoyewa a jikinsa. Babbar kyamara a shingen bincike tana iya jawo wa mai ita zargin leƙen asiri, saboda haka da yawa a gida aka bar su, inda ɓarayi suka same su.

Kyamara dai ana iya sayen wata. Abin da ba ya sayuwa shi ne abin da ke cikin kwamfutar da aka sace da kundin hotunan da ya ƙone. A yau mutumin Bahri da ke gudun hijira yana neman hoton ƙofar gidansu, da layin unguwarsu, da kakarsa a kan darduma, da rumfar da mahaifinsa ya yi shekara talatin yana ciniki a Kasuwar Sa'ad Gishra. Idan ya samu, ba ya tambayar megafiksel nawa ne. Ko dishi-dishi ne zai rungume shi. Hotunan da aka raina jiya saboda an ɗauke su da ƙaramar waya, su ne suka zama gado.

Tarihin Gadalla Gubara ya riga ya yi wannan gargaɗi. A 2008 hukuma ta rushe situdiyonsa da ke Khartum. Abin da ya tsirar da wani ɓangare na aikinsa shi ne kwafin da aka yi daga baya da taimakon cibiyar Arsenal ta birnin Berlin. Haka kuma shirin Sudan Memory ya kwafi ɗimbin hotuna da takardu ya adana su a intanet kafin yaƙi, ga shi yanzu an wawashe hatta gidan tarihi na ƙasa. Saboda haka idan mai sha'awar hoto yana da rarar kuɗi, ga inda ya fi cancanta su tafi: ya sayi ma'ajiya ta biyu ya kwafe hotunansa, ya ajiye kwafi ɗaya a wani gari ko a intanet, ya wanke mafi kyawunsu a takarda ya raba wa dangi, ya kuma rubuta sunan wanda ke ciki da wuri da shekara. Hoton da ba shi da suna da kwanan wata, bayan mutuwar mai shi maraya ne.

Wannan magana ta fi shafar Hausawan Sudan. Kakanninsu sun zo ta hanyar aikin Hajji, wasu kuma sun biyo hijirar da ta auku bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Sun ba Sudan abubuwa da dama, har da naman agashe da ake ci a titunan babban birnin, wanda sunansa ma Hausa ne. Matashin Bahaushe da ke Bahri ko Omdurman yana da abin da babu baƙon ɗan jarida da zai samu komai tsadar kayansa. Yana iya durƙusawa a gaban dattijo ya ce, "Baba, sannu da hutawa," a ba shi tabarma. Yana iya shiga cikin gida ya gaida Inna tana tuƙa tuwo, ta ce, "Ɗan nan, bari in gyara ɗankwalina tukuna." Harshe da yarda da sanin ya kamata su ne suke buɗe irin waɗannan ƙofofi, kuma babu kantin da ake sayar da su. Duk shekarar da ya ɓata yana jiran ya tara kuɗin sabuwar kyamara, akwai dattijon da zai kwanta dama ba a ɗauki fuskarsa ba.

Kammalawa

Mutane sun fara komawa Bahri, suna share ƙofofin gidajensu, suna tada rumfuna, suna neman maƙwabtan da suka warwatse. Wannan lokaci ne da jikoki za su so su gani da idonsu, kuma ba zai tsaya jiran kowa ba. Wanda kyamararsa ta tsira ya kakkaɓe mata ƙura. Wanda tasa ta salwanta ya duba wayar da ke aljihunsa, domin da irinta aka ɗauki hoton Alaa Salah da na angon Omdurman. Ya nemi izinin mutane kafin ya ɗauke su, ya kiyaye mutuncin wanda musiba ta taɓa, ya rubuta suna da rana, ya adana kwafi a wuri biyu. Idan wata rana aikin ya fi ƙarfin kayan, zai sani ba sai mai talla ya gaya masa ba. Kafin wannan rana ta zo, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.